Noti Bakwai da Suka Rage

Da sunan Allah na fara. Ni ce mahaifiyarku, kuma da hannuna nake rubuta wannan, da hantsin ranar Alhamis. Ba zazzaɓi a jikina, ban kuma sha maganin da ke sa ni barci ba tukuna. Ƙafafuna ne suka kumbura, numfashi yake yi mini rowa, amma kaina garau yake. Kada wani ya ce muku ciwo ne ya sa na faɗi abin da za ku karanta.

Zuwa gare ki Mamana, mai sunan mahaifiyata, da kai Direba. Ke shekararki bakwai, kina karatu a hankali da yatsa a kan layi. Shi kuwa huɗu bai cika ba, abin da ya iya kawai shi ne ya kama sitiyari ya yi ta ƙugin injin da bakinsa. Ban san shekarunku nawa ba ranar da za ku fahimci takardar nan. Abin da na sani shi ne ba na nan. Makon jiya likita ya ja babanku gefe a barandar asibiti, na hango su ta taga. Da ya dawo sai ya hau yi mini hirar tayoyi, yana ta yaƙe. Zuciyata ce ta gaji, ta kusa ajiye aiki. Na sha karanta irin wannan wurin a littattafai. A can akan samu wani likita ya iso daga nesa kafin shafin ƙarshe. Ni na daina duba hanya.

A cikin motar nake zaune, nan tsakar gida, littafin rubutu a kan gwiwata. Kun taso kun gan ta a wurin nan kamar bishiya, har kuna zaton kowane gida yana da motar da ba ta tafiya. Ta kakanku ce. Da ya rasu ta faɗo hannun babanku, aka turo ta da ƙarfin mutum biyar ina da cikin Direba, duk ta yi tsatsa, kaji sun yi ƙwai a but ɗinta. Babanku mutumin ofis ne, biro ya sani. Amma ya ce zai tashe ta da hannunsa, zai kai ni bakin teku, tun da kullum ina karanta labarinsa ban taɓa ganinsa ba. Na yarda da shi. Ni mai saurin yarda ce da duk abin da aka faɗa da daɗi.

Ga abin da na bari, ga kuma yadda nake so a yi.

1. Littattafaina kwali uku ne a ƙarƙashin gado. Naki ne, Mamana. Littafi biyu a ciki, waɗanda aka naɗe da takardar kalanda, na maƙwabciyarmu mai ɗinki ne, a mayar mata. Ta sha tambaya, na sha cewa ban gama ba, alhali na karanta kowanne sau uku. Za ki tarar da wani mai jan bango a ƙasan kwalin tsakiya. Wannan kada ki taɓa shi sai kin kai ƙarshen takardar nan. Ban hana ki karatu ba. Shi ne ya ɗauke ni ya kai ni wuraren da ƙafata ba ta taka ba. Amma ki riƙa ɗaga kai. Idan haske ya canza a kan shafi, ki leƙa waje.

2. 'Yan kunnena da tufafina, a yi da su yadda ya dace, masu sanin rabo za su faɗa. Ba su kai abin faɗa ba. Makullin mota da ke wuyana a jikin zare, babanku ne ya rataya mini ranar da aka turo ta, ya ce ni zan fara murɗa shi ranar tafiya teku, shi ya riƙe ɗayan. A cire shi kafin a fita da ni, a ajiye wa Direba. Kai Direba, wata rana za ka ji ana cewa ciwona daga haihuwarka ya faro. Gaskiya ne, amma ba ka da laifi ko na ƙwayar zarra, kuma da za a sake ba ni zaɓi, kai zan sake zaɓa.

3. A jikin ƙusar da ke bayan ƙofar kicin akwai sifana guda, lamba goma sha uku, an naɗe hannunta da baƙar roba. Ba tamu ba ce. Ta Baffanku ce, ƙanin babanku, bakaniken nan da garejinsa ke layi biyu daga gidanmu. Mamana, wataƙila kina tuna wani dogon mutum da yake ɗaga ki sama har kina ihu. Direba, kai ba ka san fuskarsa ba, ko da yake hancinsa ne a fuskarka. Shekara uku da rabi ke nan bai taka gidan nan ba, kuma ni ce sila. Dole in tsaya a nan in ba ku labari, don saura duk a kansa ya rataya.

Da farko su biyu suke aikin. Kowace Asabar Baffa zai zo da akwatin kayan aikinsa, su yini suna kwancewa, shi yana kwancewa, babanku yana miƙa masa abin da bai nema ba. Baffa mutum ne mai tsokana. Malama yake ce mini. In na kawo musu ruwa sai ya tambaye ni ko jarumin ya samu yarinyar ko har yanzu ana kuka, ni kuma in ce masa ya fara wanke farcensa kafin ya yi maganar soyayya. Gidan nan ya sha dariya a lokacin.

Baffa yana da wata dabara saboda babanku. Ya san ba kullum zai samu zuwa ba, ya kuma san yayansa ba zai riƙe wurin kowane ƙarfe a ka ba. Sai ya yanko faffaɗan kwalaye, ya zana hoton kowane sashe na injin a kai, duk notin da ya kwance sai ya huda kwalin ya soka shi daidai inda ya fito. Wayoyin wuta kuma, da suka fi gashin kaina yawa, kowace ya liƙa mata 'yar takarda ya rubuta inda za ta koma. Wata biyu suka yi suna wannan. Suka jera kwalayen a kan rufin motar da cikin bonet, suka rufe komai da tamfol, suka danne da duwatsu. Ni abu ɗaya aka roƙe ni: kada tamfol ɗin ya ɗaga.

Abin da ba su sani ba shi ne kujerar bayan motar ta zama ɗakin karatuna. In babanku ya tafi aiki, Mamana ta tafi makarantar yara, Direba ya yi barci, sai in shige ciki. Warin tsohuwar fata, da shiru, da tunanin cewa wata rana gilashin nan zai nuno mini teku. Ranar nan da rana Baffa ya biyo ya ɗauki wani abu daga ƙarƙashin tamfol, ya mayar ya rufe da kyau, har ya ƙara dutse, ya ce mini yana ganin sama ba ta da niyyar alheri. Yana fita na ture duwatsun, na yaye tamfol ɗin gaba ɗaya, don cikin motar ya yi duhu kuma saura mini babi huɗu a littafin nan mai jan bango. Direba ya farka yana kuka. Na shiga ɗaki da littafin a hannu, na ba shi mama, na ci gaba da karatu a kan gado. Na ji iska. Na ji ruwa a kan kwano. Wallahi na ji. Na ce bari in ƙarasa wannan shafin.

Da na fito, kwalayen sun zama kunu. Notuna sun zube a ƙasa, a cikin injin, a cikin taɓo. Takardun wayoyi sun jiƙe, rubutun ya narke. Da na bar su a haka ma, da Baffa ya ceci rabi. Amma tsoro ya kama ni, sai na yi abin da na iya: na tsince notunan duka na zuba a babban kwanon wanke-wanke, na wanke su tas da sabulu, na shanya, na kuma bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya na cire musu jiƙaƙƙun takardun don kada a ga ɓarna. Na zaci gyara nake yi.

Babanku ya dawo, ya tsaya a kan kwanon. Sannan ya tambaye ni wa ya buɗe. Ban shirya ƙarya ba, ita ta zo da kanta, a tsare, kamar na karanta ta a wani wuri. Na ce Baffa ya zo ɗazu ya ɗauki abu.

Ban ce shi ya bar ta a buɗe ba. Shekara uku da rabi ina lallashin kaina da wannan. Amma na san abin da na sa ya ji.

Aka kira Baffa. Babanku, wanda ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya faɗa masa maganar da ba a faɗa wa ɗan'uwa. Ya ce dama tun ranar rabon gado ransa yana kan motar, ya ce da gangan ya yi don a gaji a bar masa ita. Baffa ya juyo ya dube ni. Ina tsaye a bakin ƙofa da goyo. Ya dube ni sau ɗaya, ya ga komai, ya mayar da kansa ƙasa. Ya tattara kayansa ya fita, ya manta sifanar nan. Bai ce uffan ba, a ranar ko bayanta. Ya zaɓi ya rasa yayansa da ya sa ni a bakin mijina.

4. Saboda haka, ku sani, kuma ku faɗa wa duk wanda ya taɓa jin ɗaya labarin: Baffanku bai yi komai ba. Ni na yaye tamfol. Ni na wanke notuna. A mayar masa da sifanarsa, kuma ba aike nake so a yi ba. Babanku ya kai da ƙafarsa, yana riƙe da hannuwanku.

Kada ku ɗauka ban biya ba. Na zauna a taga ina kallon abin da na jawo, Asabar bayan Asabar. Babanku ya rantse ba zai kira wani bakanike ba, shi kaɗai zai gama. Jikin motar ya gama shi kuwa. Ya goge tsatsa har fatar yatsunsa ta saɓule, ya kawo mai walda ya toshe ramukan ƙasa, ya fesa mata shuɗin nan mai duhu da na zaɓa saboda wata mota da na karanta a labari. Duk wanda ya leƙo sai ya ce amarya. Amma injin ya ƙi shi. Sau uku yana haɗawa. Na farko wayoyi suka yi hayaƙi, ya kashe da yashi. Na biyu baƙin mai ya tsiyaye har ƙofar ɗaki. Na uku, watan da ya wuce, motar ta yi tari sau biyu, ta kama, Direba ya yi tsalle, ni ma na miƙe duk da nauyin ƙafafuna. Kafin in kai ƙofa wani abu ya buga a ciki, ta yi shiru. Kuma duk haɗawar da ya yi, sai noti ya rage a kwanon. Yanzu bakwai ne. Yakan zuba su a tafin hannu ya yi ta juyawa, yana kallon injin, kamar su za su gaya masa gidansu. Mutumin da zai dube su sau ɗaya ya faɗi wurin kowanne yana layi biyu daga nan.

Da ciwona ya yi nauyi sai ya canza tsarin motar saboda ni. Ya cire kujerar gaba ta gefen direba, ya haɗa wata doguwa mai jingina, don ba na iya kwanciya a miƙe numfashi bai ɗauke ba. Ya kafa ɗan katako a jikin ƙofa na ajiye littafi. Ya sa fitila ƙarama a rufi, daidai kafaɗata, ya haɗa ta da batir. A duk motar nan ita kaɗai ce take aiki. Ranar da ya kunna mini ita yana murna kamar yaro, na so ƙasa ta tsage in shige. Mutum ya gina wa karatuna gado a cikin motar da karatuna ya kashe.

Na yi niyyar faɗa masa ba sau ɗaya ba. Da farko na ce sai fushinsa ya huce. Daga baya na ce ai an daɗe, tonawa sai ta fi ciwo. Da na kwanta ciwo kuma sai na ji tsoron kada ya yafe mini don tausayi kawai. A littattafaina mace takan faɗi gaskiya, a yi kuka, a rungume juna, babi ya ƙare. Ba wanda ya taɓa rubuta yadda ake buɗe baki a ce wa mutum ya kwashe shekara uku yana ƙin ƙaninsa a banza, yana kuma tsaye da kofin magani a hannu.

Baffa ya zo asibiti sau ɗaya, lokacin da ya tabbata babanku yana ofis. Ya tsaya a bakin ƙofa da ledar lemo, ya rame, furfura ta fito masa a gemu. Ya tambayi jiki, ya tambaye ku. Na fara magana, sai ya ɗaga hannu. Ya ce, “Bari, Malama. Ruwa ne ya sauka, shi ke nan.” Ya ajiye lemon ya tafi. Da ya zage ni, da na fi samun sauƙi.

5. Ga dalilin da ya sa maganar nan ba za ta jira ba. Mahaifiyata ta rasu, 'yar'uwata ɗaya tana nesa da nata nauyin. Babanku yana fita da safe sai yamma. In na tafi, wa zai tarbe ku daga makaranta? Wa zai kitse miki kai, Mamana? Wa zai san Direba ba ya cin abinci in an zuba masa da yawa? Gida ɗaya ne a duniya da ya kamata ku shiga ba sallama ku buɗe tukunya, shi ne gidan Baffa. Matarsa mutuniyar kirki ce, har yau takan gaishe ni ta bakin mai ɗinki. Suna da 'ya'ya uku, kuna wuce juna a hanya kamar baƙi. Ni na rufe muku ƙofar nan da kalma bakwai, kuma ban san ko takarda za ta iya buɗe ta ba. Babanku mutum ne mai riƙo, ya fi riƙe abin da ya ji kunyarsa. Ina tsoron ya karanta ya ninke, ya kasa zuwa. In haka ta faru, Mamana, ke ce babba. Ki ɗauki sifanar, ki kama hannun ƙaninki, ku tafi. Layi biyu ne, ku bi gefen titi. Ku ce masa Malama ce ta aiko ku.

6. Motar kada a sayar da ita ga masu sayen tsohon ƙarfe, ko da sun yi ta zarya. Kada kuma ku tsane ta, ko da kun ji mutane suna cewa ita ta cinye wa babanku ƙuruciya. Ba ita ba ce. In kun girma kun kama wani aiki irin wannan, ku rubuta wurin komai a abin da ruwa ba ya ci, kuma in kun yi ɓarna ku bar ta yadda take ku kira wanda ya sani. Ɓarnar da na yi ƙarama ce kafin in fara ɓoye ta.

7. Wannan naka ne, baban Mamana, don na san kai za ka fara karantawa. Ban cancanci in nemi komai ba, amma zan nema. Kada ka yafe mini in ba ka iya ba. Wannan tsakanina da Ubangijina ne, kuma na san nauyinsa. Ka je wurin ƙaninka kawai. Ba sai ka iya magana ba, ku biyun ba ku taɓa iyawa ba. Ka kai masa kwanon. Zai gane.

In Allah ya sa ta tashi, ka cire gadon nan nawa. Na san ka, za ka bar shi a haka, ka riƙa tuƙi da wuri babu kowa a gefenka, yara suna kallo daga baya. Ban yarda ba. Kujerar asali tana nan a bayan ɗaki ƙarƙashin buhu, ka mayar da ita, Baffa ya zauna a kai. Fitilar kaɗai za ka bari, saboda Mamana. Teku kuwa na haƙura da shi. Na ƙirga kwanakin da likita bai faɗa ba, na ƙirga abin da ya rage a injin, ba su haɗu ba. Ku je ku gani. Ba sai kun ba kowa labari ba.

Da na fara rubutun nan niyyata in sa shi a ƙasan kwalin littattafai, a same shi bayan an share makoki. Sai na ga wannan ma wanke notuna ne. Don haka zan ninke shi in sa a cikin kwanon, ƙarƙashin bakwai ɗin nan. Jibi Asabar. Da babanku ya karya kumallo, can hannunsa yake fara zuwa. Ina jin zan kai jibi. Zan kasance a nan cikin motar, a kan gadon da ya yi mini, ba littafi a hannuna. Ban san da wace fuska zai ɗago ba, kuma tsoron wannan ya fi mini tsoron ɗayan abin.

Mamana, Direba, Allah ya raya ku, ya ba ku lafiyar da ban samu ba da ƙarfin halin da na rasa. Allah ya sa ku zama masu faɗin gaskiya tun tana ƙarama. Ku riƙe babanku, ya gaji fiye da yadda yake nunawa. Ku riƙe Baffa da iyalinsa, ku riƙe juna, kada wani abu da ake kwancewa da sifana ya sake raba gidan nan. Na yafe muku duk abin da kuka yi da wanda za ku yi. Ku ma ku yi ƙoƙari.

Hadari yana haɗuwa ta gabas. Bari in kira mai ɗinki ta taya ni jan tamfol.

Mahaifiyarku.